Riɗinmu Ya San Hanyar Japan, Mu Ko Gaisuwarsu Ba Mu Iya Ba

Naira dubu ɗari da hamsin aka karɓe wa ɗan ƙanwata a kan littafin da masu shi ke rabawa kyauta. Da wannan zan fara, don tun ranar da na gano haka zuciyata ba ta huce ba.

Yaron ya gama karatunsa na NCE, ya yi zaman jiran aiki har takardun suka fara cin ƙura, sai ya koma riƙe wa wani dillalin riɗi littafin awo a kasuwarmu ta Maigatari. A watan Agustan 2025, ana tsakiyar marka, labari ya cika wayoyi cewa Japan ta ba 'yan Najeriya gari guda, wai shi Kisarazu, har da biza ta musamman. Kafin Alhamis ta zagayo, mayaudara sun kafa rumfa. Wani da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa ya buɗe zaure a WhatsApp: a biya kuɗin fom, a biya kuɗin darasin Japananci na mako uku, daga nan sai filin jirgi. Yaron ya kwance ragunan da yake kiwo ya kai kara, ya tura kuɗin. Aka turo masa littafi ɗaya a waya da wasu muryoyi. A mako na biyu lambar "malam" ta daina shiga.

Sai da ya yi wata guda yana ɓoye-ɓoye sannan ya same ni bayan Magariba, kansa a ƙasa. Ya ce, "Kawu, kuɗin dai sun tafi. Amma wallahi littafin na gaske ne, har na fara gane baƙaƙensu." Na karɓi wayar na duba. An yanke bangon, an manna wani tambari na ƙarya, amma ɓarawon ya manta bai goge sunan littafin daga ciki ba: Irodori. Gidauniyar Japan, wadda aka kafa a 1972 don yaɗa harshensu da al'adunsu a duniya, ita ta fitar da shi a 2020, ta ɗora a intanet tare da muryoyinsa duka, ta ce kowa ya sauke, ko sisi ba a biya. Ruwan rijiyar unguwa aka ɗebo aka sayar wa yaron da sunan zamzam.

Ita kuwa maganar Kisarazu ga yadda take. A taron Japan da ƙasashen Afirka, TICAD na tara, da aka yi a Yokohama, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashen waje, JICA, ta ƙulla zumunci tsakanin wasu garuruwan Japan huɗu da ƙasashen Afirka huɗu: Kisarazu da Najeriya, Sanjo da Ghana, Nagai da Tanzaniya, Imabari da Mozambik. Musayar ziyara ce da sada zumunta, shi ke nan. Sai ga sanarwa daga fadar shugaban ƙasa a Abuja tana maganar biza ta musamman ga matasa. Japan ta fito ta ce ita ba ta yi wannan alkawari ba. Aka gyara sanarwar, mutanen can suka yi ca a kan hukumomin garuruwan da ƙorafi, kafin ƙarshen Satumba JICA ta janye shirin gaba ɗaya. Ƙaryar ta iso Maigatari a kan babur a yini guda. Gyaran har yau yana tafe a kan jaki.

Ba zan ƙarar da tawadata a kan ɓarawon ba, sana'arsa ya yi, kuma akwai ranar ƙin dillanci. Fushina ya fi yawa a kanmu. Domin da yaron ya share hawaye ya ci gaba da karanta littafin, abin da ya samu daga majalisarsu shi ne shewa. Suka raɗa masa suna Ɗan Japan. In ya doso sai su fara gwalangwaso da baki suna kwaikwayon 'yan fim ɗin Sin, don ko bambancin Sin da Japan ba su sani ba. Har wani dattijo da nake ganin girmansa ya tare ni ya ce, "Malam, ka yi wa yaron nan faɗa. Me za a yi da Japananci a Maigatari?" Yana wannan tambaya yana zaune a kan buhun riɗi.

Ranka ya daɗe, ka duba abin da kake zaune a kai. Japanawa mutane ne masu cin riɗi kamar ba gobe: a miya, a kan shinkafa, a kayan maƙulashe, ga uwa uba mansa da suke girki da shi. Kamfanin Kadoya kaɗai tun 1858 yake matse man riɗi. Amma abin da suke nomawa a gida bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da suke ci ba. Sauran duk sayowa suke yi, sama da tan dubu 100 kowace shekara, kuma Najeriya ta daɗe tana cikin ƙasashen da suka fi sayar musu. Jigawa kuwa tana sahun gaba a noman riɗi a ƙasar nan. Riɗin da aka yanka a jigayin Sule Tankarkar da Gagarawa, aka jingine shi ya bushe, aka kakkaɓe, mata suka sheƙe, shi ne yake bi ta hannun mai awo na ƙauye, ya zo wurin dillali a Maigatari ko Gumel, tirela ta kwashe zuwa Dawanau, inji ya tace, a kai Legas, jirgin ruwa ya wuce da shi. Kowane hannu ya taɓa sai ya lasa. Ka bi layin nan daga ƙasa zuwa sama: wurin rana da ƙaiƙayi duk mu ne, wurin da ake yanke farashi kuwa da wuya ka ji mai amsa sallama da Hausa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a duk faɗin Arewa babu mutanen da ya kamata su san darajar harshe kamar mutanen Maigatari. Ka shiga kara ranar Alhamis ka kasa kunne. Ga Bafillace da shanunsa, ga Buzu da raƙumansa, ga Bamange, ga mutanen Dungas da Magarya da Damagaram suna lissafi da sefa suna jefa Faransanci, ga Bayarabe da Igbo da suka zo lodin shanu zuwa Kudu. Wa ke cin la'ada a tsakaninsu? Dillalin da ya iya bakin mai kaya ya kuma iya bakin mai saye. Ba shi da saniya ko ɗaya, ba shi da tirela, harshensa ne jarinsa. Babu wanda ya taɓa yi masa dariya don ya koyi Fulatanci ko Yarbanci. To don me da yaro ya ɗaga kai ya hango mai saye na ƙarshe, wanda kuɗin ke fitowa daga aljihunsa, sai ya zama abin tsokana?

Akwai kuma masu fakewa da addini, wai harshen waɗanda ba sa salla ne. Su je su tambayi malamansu labarin Zaidu ɗan Sabitu, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarta ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuma koya cikin kusan rabin wata. A garin Kobe akwai masallaci tun 1935, yana nan har gobe ana salla a ciki. Wani Musulmin Japan, Umar Mita, ya fitar da fassarar ma'anonin Alƙur'ani da Japananci a 1972. Kuma masu wannan magana a hayis ɗin Toyota suke zuwa Kano, da injin Honda suke ban-ruwa, da janareton Yamaha suke kallon ƙwallo, da Ajinomoto ake yi musu miya. Kayan mutum halal, gaisuwarsa haram? Wannan lalaci ne aka naɗa wa rawani.

Su fa ba su raina namu ba. Shuji Matsushita na Jami'ar Nazarin Harsunan Waje ta Tokyo ya yi shekaru yana aiki a kan Hausa da Gwandara. Shuichi Oyama na Jami'ar Kyoto ya daɗe yana zama da manoma Hausawa a yankin Dogon Dutsi a Nijar, yana gwada farfaɗo da ƙasar da ta mutu da sharar gari, da Hausa kuma yake magana da su. Mutum ya taso daga ƙarshen duniya ya koyi "ina kwana" don ya fahimci gonarka. Kai da amfanin gonarka ke ƙarewa a tukunyarsa ka ce koyon tasa ɓata lokaci ne.

To bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami: nawa ake kashewa a fara koyon Japananci daga Maigatari? Kuɗin data na sauke kaya sau ɗaya, da kuɗin caji, da littafin rubutu. In an ce maka ya wuce haka a matakin farko, riƙe aljihunka.

A fara da kunne, don a nan Allah ya yi wa Bahaushe gata. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, kamar namu. Suna ja wa wasali kamar yadda muke bambance garin da ake zama da garin da ake tuwo: obasan gwaggo ce, obaasan kaka. Suna danna baƙi kamar yadda muke raba daba da dabba: kita ya zo, kitta ya yanka. Suna da hawa da saukar murya: ame in ka fara da sama ruwan sama ne, in ka ƙare da sama alewa. Abubuwan da Bature ke wahala a kai, mu da su muka tashi. Aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, wanda duk mai jin Barbarci ko Mangaranci a ƙasar Gumel ya saba da shi tun yana goye. Babu "ya" da "ta", babu jam'in da ke karya harshe irin namu. Girmama na gaba kuwa a cikin nahawunsu yake: yadda kake magana da sa'anka daban, yadda kake yi da uban gida daban. Wanda ya tashi yana cire takalmi a ƙofar zaure yana rusunawa yana "Allah ya ja zamaninka" ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Sai rubutu. Suna da jerin baƙaƙe biyu, hiragana da katakana, kowanne 46, kowane baƙi gaɓa guda yake bayarwa: ka, ki, ku, ke, ko. Ka ɗauki biyar a rana, kwana goma ka gama jeri ɗaya. Ka ba kanka wata guda da maimaici, ka gama duka biyun. Kuma kayan aikin da ya fi dacewa da wannan yana rataye a zauren gidanku: allo da tawada. A rubuta, a biya, a wanke, a sake. Hanyar da ta fitar da yaro daga babbaƙu zuwa farfaru har ya zama gardi ba za ta gaza a kan baƙi 92 ba. 'Ya'yan Japanawa ma haka suke yi, suna maimaita baƙi ɗaya a takarda har hannu ya haddace. A cikin shekara shida ta firamare suke koyon kanji 1,026, wato baƙaƙen nan da suka aro daga Sin, waɗanda kowanne ke ɗauke da ma'ana. Mu da ke da tsangayu a kowane lungu, mu ne za a tsorata da hadda?

Kalmar hadda ma a Japananci ita ce anki, kuma sunan wata manhaja ke nan da ake samu kyauta a wayoyin Android. Aikinta shi ne aikin alaramma: ta ba ka sabon karatu kaɗan, ta dawo maka da na jiya, wanda ya zauna ta jinkirta shi, wanda ke zamewa ta yi ta maido maka har ya kama. Tilawa ce a cikin waya, kuma da zarar ka sauke katunan ba ta buƙatar intanet.

Littafi kuwa ga Irodori nan da aka sayar wa ɗana. Kashi ukun farko kowanne darasi 18 ne, kuma maganar yau da gobe ce: gaisuwa, tambayar farashi, wurin aiki, asibiti, tasha. Gidan rediyo da talabijin na Japan, NHK, yana da darussa 48 na masu farawa, kyauta, da bayani cikin Turanci da Faransanci da Larabci da wasu harsuna. Ke nan wanda ya yi boko ya bi ta Turanci, ɗan'uwanmu na tsallaken iyaka ya bi ta Faransanci, ɗan Islamiyya ya bi ta Larabci. Gidauniyar Japan tana da makaranta a intanet mai suna Minato, rajista kyauta. Ƙamus akwai Jisho. In karatu ya fara nisa, NHK na da shafin labarai da aka sauƙaƙa wa masu koyo. Na lissafa su da sunayensu ne don kada gobe wani ya sake yanke musu bango ya sayar muku.

Na san data ta yi tsada, musamman tun ƙarin kashi 50 cikin ɗari da aka amince wa kamfanonin waya a farkon 2025. Na san halin da wuta take ciki a ƙasar Gumel. Amma garin da fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa ke fitowa da safe, kafin La'asar ya shiga kowace waya ta hannun masu turi, ba zai ce mini ya rasa dabarar raba littafi ɗaya ba. Mutum ɗaya ya sauke, ya tura wa tara ta Xender. A haɗa kuɗi a buga darasin mako a shagon hoto-kwafi. Ku zama biyar, ku sa lokaci bayan Asuba ko bayan Isha, rabin sa'a kullum, ɗaya ya zama mai kanti ɗaya mai saye: ikura desu ka, nawa ne, takai, ya yi tsada, yasui, da araha. Yaran Kano nawa ne suka iya Indiyanci daga kallon fim kawai, ba malami ba allo? Kuɗin da matashi ke kashewa a gidan kallon ƙwallo a wata ya isa wannan hidima har da canji.

Kada kuma in zama irin wanda nake zagi, bari in faɗi ɗacin. Japananci ba karatun mako uku ba ne. Makarantar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sa shi cikin harsuna mafi wuya ga mai jin Turanci, tana ware masa sa'o'i 2,200 na aji. Kanji da ake buƙata don karanta jarida 2,136 ne. Jarrabawar da duniya ta sani, JLPT, hawa biyar gare ta, daga N5 na masu farawa zuwa N1 na gwanaye, a watan Yuli da Disamba ake yin ta, kuma duk wata takardar shaida da wani zai buga maka a shago bayan kwana ashirin, ta ƙunsa ƙosai ce. Bizar ma'aikata masu sana'a da Japan ta buɗe a 2019 sai an ci jarrabawar harshe daidai hawan N4, an kuma ci ta sana'ar. Sannan harshe kaɗai ba ya fitar da riɗi. Japanawa suna da tsanani a kan ragowar maganin ƙwari da gubar fumfuna a abinci, kaya in suka saɓa sai a maido su. Mun ga yadda Tarayyar Turai ta rufe wa wakenmu ƙofa a 2015 saboda maganin da ake zuba masa a sito. Sai an gyara shanya, an gyara ajiya, an yi rajista, an nemi jari.

Wani zai ce ai 'yan kasuwarsu suna jin Turanci. Suna ji. Bayaraben da ke sayen shanu ma yana jin Hausa, amma ka ga yadda fuskarsa ke sakewa in dillali ya gaishe shi da harshen uwarsa. Japanawa mutane ne masu jinkirin yarda, in kuma suka yarda da kai sai a yi shekaru ana tare. Wanda ya iya harshensu yana karanta abin da suka rubuta wa junansu, ba abin da suka ga dama suka fassara maka kawai ba: wane irin riɗi suke so, me ya sa suka ƙi na bara, nawa ake sayar da kwalbar mai a kanti. Shi ne zai iya tsayawa a baje kolin abinci na FOODEX da suke yi kowane Maris, ko ya shiga ofishin hukumar kasuwancinsu, JETRO, a Legas ya yi magana ba tafinta.

Ga mai son karatu a can kuma, ƙofar gaskiya a buɗe take, ba a kuma biyan kuɗin shiga. Gwamnatin Japan tana ba da tallafin karatu na MEXT tun 1954. Ofishin jakadancinsu a Abuja ne ke sanarwa kowace shekara, a yi jarrabawa, wanda ya ci a biya masa jirgi da kuɗin makaranta, a riƙa ba shi sama da yen dubu 100 duk wata, mai digirin farko kuma a fara ba shi shekara guda ta koyon harshe. Akwai shirin ABE da aka sanar a 2013 don matasan Afirka masu neman digiri na biyu tare da sanin makamar aiki a kamfanoninsu. Gasa ce mai zafi, gurabe kaɗan ne. Amma ina so in ji ranar da wani shugaban ƙaramar hukuma, ko ɗan majalisa, ko ƙungiyar ɗalibai a masarautar nan suka tara yara suka karanta musu wannan sanarwa. Fostar siyasa tana isa kowace bukka, wannan kuwa sai mai dogon kunne.

A nan ne zan juyo kan manyanmu. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki aka kafa yankin ciniki maras haraji a Maigatari don fitar da kaya waje. Sama da shekara ashirin ke nan kowace gwamnati tana zuwa da alkawarin farfaɗo da shi. An yi maganar katanga, an yi maganar sito, an yi maganar hanya. Ban taɓa jin an yi maganar bakin da zai yi ciniki da mai saye ba. Mun ga abin da ya same mu da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, muka sake gani bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024: kasuwa ta yi tsit, dillalai suka koma zaman inuwa. Garin da ke da ƙofa ɗaya, ranar da aka rufe ta ya zama kurkuku. Riɗi ƙofa ce ta biyu, mun bar makullinta a hannun wasu.

Abin da nake nema bai kai kuɗin tayoyin motar rakiya ɗaya ba. Ɗaki ɗaya a Kwalejin Ilimi ta Gumel, da faranti biyu na sola, da injin buga takarda, da malami ɗaya mai himma wanda zai riga ɗalibansa da darasi goma. Malaman harsuna na kwalejin da na Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa su zauna su rubuta ɗan littafi mai shafi arba'in da zai kai mai koyo daga Hausa zuwa Japananci kai tsaye, ba sai ya biya ta Ingila ba. Jigawa ta tura yara waje karatun likita, an kuma ga amfaninsa. To a tura ko biyar su koyo harsunan masu sayen amfanin gonarmu: Japananci da Sinanci da Turkanci saboda riɗi, Sifaniyanci saboda zoɓon da ke tafiya Meziko. Attajiran riɗi na garin nan, masu sauya mota duk kaka, ɗaya daga cikinku ya ɗauki nauyin data da takardun yara goma na shekara guda. Ribar buhu nawa ce? A Japananci in aka ce mutum yana niƙa riɗi, ana nufin yana fadanci. Mu nan mun ƙware a wannan niƙan a ƙofar masu mulki, na gasken kuwa da ke fitar da mai mun bar wa wasu.

Su ma Japanawan ina da magana da su. BBC ta fara magana da Hausa a 1957, Jamus da Sin a 1963, Amurka a 1979, Faransa a 2007. NHK tana da sashen Swahili, ba ta da na Hausa. Kuna cin riɗinmu, kuna sayar mana da mota da babur da ɗanɗanon miya, amma darasinku na kyauta bai san harshen mutum miliyan gommai ba. Da darussan nan 48 suna da bayani da Hausa, da manomi ya saurara a rediyonsa yana kaɗa shanun huɗa, da kuma ɓarawon WhatsApp bai sami kasuwa ba.

Ku kuma samari, kada ku ɗauka na wanke ku. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wanda ya yaudari ɗana bai yi masa asiri ba, gajeriyar hanya ya nuna masa, shi kuma ya bi da gudu. Kuna son Japan, ba kwa son baƙi 46. Kuna son yen, ba kwa son tashin Asuba. Duk wanda ya ce maka ga biza ga harshe a mako uku, tambaye shi shi me ya zaunar da shi a nan. Sannu ba ta hana zuwa. In ma ba ka taɓa taka Tokyo ba, kwantenar riɗi na takawa, kuma wani ne zai rubuta wasiƙar da za ta raka ta.

Alhamis ɗin da ta wuce na bi ta rumfar riɗi na tarar da yaron a bakin sikeli. Ragunansa ba su dawo ba, ba kuma za su dawo ba. Yanzu su huɗu ne suke zama bayan Isha, har da ɗaya daga cikin masu yi masa gwalangwaso a da. A gefen littafin awo na ga ya zana wasu baƙaƙe biyu. Wani tsoho da ya kawo buhu uku daga wajen Gagarawa ya leƙa ya ce, "Yaro, wannan kuma wane irin hatimi ne?" Ya ce, "Baba, sunan riɗinka ne a bakin masu cinsa. Su goma suke ce masa."

Tsohon ya dubi buhunansa, ya dubi kuɗin da aka ƙirga masa a hannu. Ya ce, "Goma? To su goma suke ce masa, mu ko biyu ba ta iso mana."

Duk rumfar aka fashe da dariya. Ni na kasa.